Gayyar da Zarami Ya Kira

A Ɗinya Biyu, ƙauyen da ke gefen hanyar da ta tashi daga Azare ta nufi Katagum, idan ana son sanin nauyin mutum sai a jira ranar da zai kira gayya. Zai aika goro gida-gida, ya ce ran kaza yana neman hannu a gonarsa. Wanda ya karɓi goron ya ɗauki alkawari ke nan. Gari ya waye, mai gona ya tsaya a bakin kunya yana kallon hanya, abin da ya hango yana tahowa da fartanyu a kafaɗa, shi ne matsayinsa a garin.

Zarami ya daɗe bai hango komai ba a wannan hanya. Ubansa falke ne, Babarbare daga Borno, mai safarar kanwa, wanda jakunansa suka mutu masa a Ɗinya Biyu a wata shekarar annobar dabbobi, ya rasa abin komawa da shi, ya roƙi fili ya zauna. Zarami ya tashi ɗan baƙo. Ya yi shekara ashirin yana zuwa gayyar kowa, shi ne na farkon isa, shi ne na ƙarshen ɗaga kai daga kunya, kafin garin ya fara lissafa shi cikin nasa. Ranar da ya fara kiran tasa gayyar, mutum bakwai suka zo. Matarsa Kellu ta dama kunun mutum talatin, ta yi ta ɗura wa bakwai ɗin har suka kasa sunkuyawa. Bayan shekaru, sai da ta riƙa aron tukwane.

Wanda ya fi kowa jawo shi cikin gari shi ne Hammadu, sarkin noman Ɗinya Biyu, Bafulatani dogo mai bakin tsiya. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, Hammadu kuwa bai taɓa barin wasan ya huce ba. Bai taɓa kiran Zarami da sunansa ba. Daga nesa zai ɗaga murya: "Kai bawana, wa ya ba ka izinin sa hula a gabana?" Zarami ya ce ai hular ta fi ƙarfin kan da bai san komai ba sai bin wutsiyar saniya. A yi dariya, a zauna, a raba goro ɗaya biyu. Zarami ya san cewa wannan zagin shi ne ƙofar da aka buɗe masa.

Hanyar nan da ta ratsa gefen garinsu, da wuyansa aka gina ta. Tun yana saurayi, cikin shekarun 1930, duk rani sai a zo a ɗebi maza a kai su aikin hanya. Su ɗauko jar ƙasa a kwando a ka, su zuba, su yayyafa ruwa, su jeru da madaɓai na itace suna dukan ƙasa daga hantsi har la'asar. Damina ta zo ta wanke, rani ya dawo a sake. Gashin tsakiyar kan Zarami kwando ne ya cinye shi, bai sake tsirowa ba.

Saboda haka da injin daɓe hanya ya iso a ranin 1953, ya kalle shi da idon da sauran mutane ba su kalle shi da shi ba. Wani kamfanin kwangila ne ya kawo shi. Ƙarfe ne baƙi mai nauyin da ba a misaltawa, da ƙatuwar gangar ƙarfe a gaba, biyu a baya, yana tafiya a hankali kamar mai tunani. Abin da maza ɗari ke daka a yini, shi yakan shafe shi kafin a gama cin tuwo. Mutanen gari suka sa masa suna Dorina, tun daga nan ya zama mace a bakin kowa. Muryarta kuwa dabam take: ta buga sau uku, ta yi tari ɗaya, ta sake bugawa sau uku. Yara na gudu, tsofaffi na neman tsari. Zarami ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙasar da ta wuce, ya ji ta santsi kamar daɓen ɗakin amarya, ya tsaya yana shafa tsakiyar kansa.

Ya nemi aiki a wurin heluma, shugaban ma'aikatan, aka ɗauke shi. Shi ke ɗebo mata ruwa, shi ke shafa mata giris, shi ke kankare laka daga gangunanta. Shi ne kuma mai tashinta, domin Dorina ba ta tashi sai an zura mata wani lanƙwasasshen ƙarfe a gaba an juya da ƙarfin ƙirji har ta kama. Direbanta wani ne Ladan, mutumin yamma, mai fara'a da farin haƙori. Ba shi da masauki, Zarami ya share masa zaurensa. Wata biyar suna cin tuwo a akushi ɗaya. Ladan na kiran Kellu Inna, yana kiran Zarami Baba, in ya je Azare ya dawo mata da gishiri da ashana.

Ruwan farko na shekarar ya zo da wuri, ya zo da yawa. Wata rana da azahar gefen hanya ya zabtare a bakin fadama, Dorina ta zame ta nutse cikin laka har rabin gangunanta. Aka yi ta fama kwana biyu, ta ƙi motsi. Heluma ya ce a bar ta nan sai ƙasa ta bushe bayan damina, ai ba mai iya ɗaga ta. Ma'aikata suka watse zuwa gonakinsu, Ladan ya naɗe tabarmarsa ya bi motar kamfani. Kafin heluma ya hau kekensa, ya miƙa wa Zarami ƙarfen tashin, ya ce masa kada ya ba kowa sai shi da ya ba shi. Zarami ya naɗe ƙarfen a tsohon zane ya sa ƙarƙashin gadonsa. Duk damina, in ya taso daga gona, sai ya biya ta fadama ya goge mata jiki, ya kori kwaɗi daga inuwarta, ya rufe mata kai da zana.

Gero ya nuna, ruwa ya fara ja da baya, sai ga Ladan da hantsi, shi da wasu mutum biyu masu kakin ma'aikata. Ya durƙusa ya gaida Kellu, ya ajiye mata ƙullin gishiri. Bayan an sha ruwa ya ce heluma na kwance a Azare, ƙafarsa ta kumbura, shi ya aiko shi. Baturen kamfani na son Dorina cikin kwana biyu, doguwar mota za ta jira a kan tudu inda hanya ta yi tauri. Abin da ya rage shi ne fito da ita daga laka, wannan kuwa sai da hannun jama'a.

Maganar heluma ta faɗo wa Zarami a rai, ya ji ta sarai. Ya dubi Ladan zaune a kan tabarmar da ya kwana a kanta wata biyar, da ƙwaryar ruwan gidan a hannunsa. A Ɗinya Biyu ba a ce wa wanda ya ci tuwon gidanka ya kawo shaida; yin haka daidai yake da kiransa maƙaryaci a tsakar gidanka. Akwai kuma wani abu da Zarami bai faɗa wa kowa ba sai bayan shekaru: zuciyarsa ta yi tsalle. Kowa na kiran gayya don gero da dawa. Shi zai kira gayya don Dorina, a ga ko mutum nawa sunansa zai tayar a tsakiyar kaka, lokacin da kowa ke da aikin gabansa.

Ya aika goro. Ba gidan da ya mayar.

Mutum sittin da huɗu suka fito washegari. Zarami ya tsaya a bakin fadama yana kallon hanya, sai ya ga kamar garin ne gaba ɗaya ya tashi yake tahowa gare shi, da igiyoyin rama a kafaɗa, da gungumen giginya a ka, makaɗa biyu a gaba da gangar noma. Mata suka biyo baya da tulunan kunu. Hammadu ya iso yana taunar goro, ya dubi Dorina, ya dubi Zarami.

"Bawana, wannan ce amaryar da ka tara mu mu ɗauko maka? Ai ta fi Kellu ƙiba."

"Ka kama igiya dai, Bafillace. Yau za a ga ko nono na sa ƙarfi."

Aka haƙe laka daga gaban gangunan, aka shimfiɗa giginya, aka ɗaura igiyoyi huɗu. Zarami ya kwance zanen da hannunsa, ya zura ƙarfen, ya juya. Sau biyu ta ƙi. A na uku ta yi tari, ta kama, hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, tsuntsayen fadama suka watse. Ladan ya hau kujerarta. Ganga ta ɗauka, makaɗi na kiran sunan Zarami ɗan falke, wanda ya kira gari gari ya amsa. Maza suka ja, laka na tsotsar ƙafafunsu, igiya na cin tafin hannu. Wajen azahar Dorina ta yi wani nishi ta hau kan giginya, ta fito tana zubar da laka kamar dabbar da ta gama wanka. Mata suka rangaɗa guɗa.

Daga bakin fadama zuwa tudu akwai 'yar tafiya. Ta bi ta kan jiƙaƙƙiyar jar ƙasa, jama'a na biye da ita suna rawa, ta bar wani shafaffen zango a bayanta mai faɗin tabarma biyu. Doguwar motar na nan kamar yadda aka ce. Da katakai da igiya da kafaɗun mutanen Ɗinya Biyu aka hau da ita, aka ɗaure. Ladan ya miƙo hannu, Zarami ya sa masa ƙarfen tashin a ciki. Kellu ta kawo zakara da ƙunshin gyaɗa, guzurin baƙo. Ladan ya ce Allah ya bar zumunci, Baba. Aka raka motar har bakin ɗinyoyi biyun da garin ya ci sunansu, ana ɗaga hannu.

Kellu ce ta matso kusa da mijinta ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Malam, ai Azare ba can take ba."

Ya ce direbobi sun san hanyoyinsu, wataƙila gada ce ta karye a gaba. Bai so komai ya taɓa masa wannan yinin ba.

Kwana tara bayan haka heluma ya iso a kan kekensa, ƙafafunsa biyu lafiya lau, da ma'aikata a bayansa. Ya tsaya a bakin ramin da Dorina ta bari, ruwa ya taru a ciki, kwaɗi na iyo. Ya tambaya, aka gaya masa. Ya ce an sallami Ladan tun farkon damina, ba wanda ya aiko shi, ba Baturen da ya nemi injin. Ya sake tambaya ko su wa suka fito da ita, amsar kuwa ita ce kowa.

'Yan doka suka zo suka rubuta sunan duk wanda hannunsa ya taɓa igiya. Sau uku ana kiran mutum sittin da huɗu zuwa gaban alƙali a Azare, kowane zuwa da tafiyarsa da zaman jiransa, kwana huɗu ko biyar. Gero na tsaye a gona ya bushe, ba maza. Tsuntsayen jan-baki suka sauko kamar hadari, mata da tsofaffi na kaɗa gwangwani har muryoyinsu suka dushe, tsuntsu bai ji ba. Wani makararren ruwa ya sauka a kan gyaɗar da ba a tone ba, ta tsira a cikin ƙasa. Mazan na zaune a ƙofar kotu suna kallon gajimare yana wucewa wajen garinsu, ba mai ce wa Zarami komai.

Alƙali ya sallami jama'a, ya ce maƙwabci ya kira su sun amsa, ba laifi a nan. Zarami kuwa tambaya ɗaya ya yi masa: da aka ba shi ƙarfen, an ce ya ba wani? Ya ce a'a, an ce kada ya ba kowa. Aka yanke masa shekara biyu da rabi a gidan yari. Ladan da motar da Dorina, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Labarin bazarar da ta biyo baya a bakin Kellu ya ji shi, ranar da ta zo dubansa da ɗan ƙullin garin rogo. Rumbuna sun ƙare tun kafin azumi. An ci tafasa, an ci dusa, an tone gidan tururuwa. A gidan Hammadu an binne jikoki biyu cikin mako ɗaya. Ta faɗa masa haka tana kallon ƙasa, ta ce ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta rijiya, sai dai in ta iso mata sukan tuna suna da aiki a gida.

Ya fito ya dawo Ɗinya Biyu da farkon damina. A bakin gari ya haɗu da Hammadu. Zarami ya rage tafiya, ya gyara hularsa yadda za a gan ta sosai, yana jira. Hammadu ya tsaya, ya miƙo hannu da ladabi.

"Sannu da zuwa, Malam Zarami. An dawo lafiya?"

Ya tambayi lafiyarsa, ya yi masa addu'a, ya wuce. Zarami ya tsaya a wurin har inuwar ɗinya ta bar kansa.

Gonarsa ta yi shekara biyu ba hannun namiji, ciyawa ta kai ƙugu. Ya sayar da akuya ya sayi goro, ya aika gida-gida. Kafin la'asar goron ya dawo, kowane a cikin ganyen da aka naɗe shi, da gaisuwa mai kyau da uzuri mai kyau. Duk da haka Kellu ta dama kunu. Ya tsaya a bakin kunya tun fitowar rana yana kallon hanya. Wata mata ta wuce da itace. Wani jaki ya wuce shi kaɗai. Da rana ta take tsaka ya sunkuya ya fara noma, Kellu ta juye kunun a kwatarniyar awaki.

Daga nan wani tunani ya kama shi ya ƙi saki: in aka ga Dorina, in aka kama wanda ya ɗauke ta, gari zai san cewa shi ma cutarsa aka yi, goronsa zai sake zama a hannun mutane. Duk rani sai ya ɗauki sanda da buta. Ya je Gamawa, ya je Shira, ya je Dagauda, ya bi duk inda ya ji ana aikin hanya, yana leƙen injuna kamar mai neman ɓatacciyar 'ya. Ya ga masu kama da ita da yawa. Ba wadda ta yi tarinta.

A rani na huɗu, a wata kasuwa can gabas da Fataskum, yana tsugune yana shan fura, sai ya ji. Bugu uku, tari ɗaya. Ludayin ya tsaya a hannunsa. Ya bi sautin ta tsakanin rumfuna har wata bukkar kwano inda mata suka jera ƙore suna jiran niƙa. Ba ganguna, ba kujera, ba baƙin jikin nan. Zuciyarta kawai aka ciro aka ɗaure a kan dakalin siminti, da bel tana juya dutsen niƙa, gari ya rufe ta fari fat. Ya matsa ya ɗora hannu a kanta, ya ji ɗuminta. Mai injin ya ce shi a hannun wani ya saya, wanin ma a hannun wani, ya ba shi ruwa ya ce ya matsa kada bel ya kama masa riga. 'Yan dokan garin suka saurare shi da haƙuri. Suka ce kamfanin ya daɗe da tattara kayansa, ba mai ƙara. Ga shi ba lamba, ba takarda, sai kunnen mutum ɗaya da ya taɓa zaman gidan yari. In yana da wasu da suka san muryar injin, ya kawo su.

Mutum sittin da huɗu sun san wannan muryar. Ya yi kwana shida a hanya yana maimaita haka.

Ya sami Hammadu a ƙofar gidansa yana tufka igiya, ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi fari. Zarami ya zauna a ƙasa, ya ba shi labari tun daga fura har bel. Ya ce ba ya neman kowa ya ɗauki fartanya. Mutum uku kawai, su je su saurara, su ce ita ce. Ya ciro goro ɗaya daga aljihu ya ajiye a kan tabarma tsakaninsu.

Hammadu bai daina tufka ba. Ya ce ya yarda ita ce, bai taɓa zaton Zarami ya ci ko ƙwayar gero a cikin wannan abu ba, kuma ba wanda ke zaton haka a garin.

"To, in haka ne, Sarkin Noma..."

"Mun bi ka sau ɗaya, Malam Zarami. Na san inda na dawo na tarar da gidana."

Ya tura goron da yatsa a hankali har ya taɓa gwiwar Zarami.

Zarami bai sake fita neman komai ba. Ya rage gonarsa zuwa abin da hannu biyu za su iya, daga baya zuwa abin da hannu ɗaya zai iya, bayan Kellu ta rasu. Hanyar Katagum damina ta ci gaba da cinye ta, rani ana sake ta, wasu injunan suka zo suka tafi. Amma zangon nan daga bakin fadama zuwa tudu, wanda Dorina ta daɓe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ranar da aka sace ta, ya ƙi lalacewa. Ya yi tauri kamar dutse, ciyawa ba ta kama shi. Mata suka mayar da shi wurin shanya, suna baza barkono da kuɓewa da gero a kai, suna ce masa daɓen Zarami, har da waɗanda aka auro daga nesa, da ba su san dalilin sunan ba.

A shekarunsa na ƙarshe yakan zo da hantsi ya zauna a gefen daɓen da 'yar sandarsa, yana kore wa masu shanya kaji da awaki. Ba wanda ya sa shi. In mata sun zo kwasa da la'asar sukan ce sannu Malam, ya ce yauwa, su ɗaura ƙorensu a ka su bi hanya, shi kuma ya bi su da kallo har su shige gari.